Wayar Ta Ce Ba Shi Ba Ne

"Ƙara juyawa hagu, Baba. A hankali."

Ya juya, wuyansa ya miƙe daga cikin rigar da ta yi masa yawa. Ni kuma ina riƙe da wayar daidai fuskarsa. Da'irar da ke kan gilashin ta fara cika da kore. Muryar macen da ke ciki ta ce ya ƙifta ido, ya ƙifta. Ta ce ya buɗe baki, ya buɗe har na hango gurbin haƙoransa na ciki. Sai da'irar ta koma ja, rubutu ya fito cewa wannan fuska ba ta yi daidai da ta mai asusun ba.

"Me ta ce?"

"Ta ce wai ba kai ba ne."

Ya karɓi wayar daga hannuna, ya juya bayanta ya duba, kamar yadda yake yi wa duk abin da aka kawo masa gyara. Ban ga ɓacin rai a fuskarsa ba. Idonsa ma haske ya ƙara.

"To wa take ganin ni ne?"

Shagona na aski da nasa bango ɗaya ya raba su, gidansa kuma yana bayan shagon, ƙofa ɗaya ce tsakani. Fanka yake gyarawa, da dutsen guga, da butar lantarki, wani lokaci har da rediyo. A layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya, Baba Me-ya-sa kowa yake cewa, don bai yarda abu ya yi aiki a gabansa ba tare da ya san dalili ba. Akwai ranar da ina tsakiyar yi wa wani aski ya shigo ya karɓe injin daga hannuna, wai ya ji ƙararsa ta canja ta cikin bango. Ya kwance shi a kan tawul, ya baje notuna, mutumin nan yana zaune da rabin kai yana ta duban agogo. Da ya mayar, injin ya yi shiru kamar sabo, amma mutumin bai sake dawowa ba.

Manhajar karɓar kuɗin nan 'yarsa ce ta buɗe masa. Malamar makaranta ce, mu Malama muke ce mata, shi kuma Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ita kaɗai ta rage masa a gida tun rasuwar matarsa. Mutane sun rage yawo da kuɗi a aljihu, sai a gama gyara mutum ya ce sai dai ya tura. Malama ta gaji da jin labarin, ta zo ta ɗauke shi hoto, ta cika abin da ake cikawa, ta manna masa sitika a jikin ƙofa, mai ƙananan gidaje baƙi da fari. Mai biya ya haska sitikar da wayarsa, ya rubuta nawa ne, ya tura, shi ke nan.

Mun zaci tsoho zai ƙi. Ashe mun kawo masa abin wasa ne. Idan mutum zai biya, sai ya ce ya dakata, ya ajiye wayoyin biyu gefe da gefe a kan tebur, ya sa tabarau, sannan ya ce a danna. Yana so ya ga lokacin da kuɗin ke barin wannan su shiga waccan. Ya tambaye ni ko ruwan sama yana rage musu gudu. Ya ɗauko gilashin da yake duba ƙananan wayoyi da shi ya bi gidajen sitikarsa ɗaya bayan ɗaya, ya zo ya gwada da tawa, yana neman inda sunansa ya ɓuya. Wata rana na same shi ya rufe gefen sitikar da babban yatsa, yana sa wata mai ɗinki ta haska, don ya ga iya inda za a rufe abin ya daina ganewa. Matar ta ce, Baba ni fa na bar aiki a kan keke. Ya ce ta yi haƙuri, saura gefe ɗaya.

To, sai batirin tsohuwar wayarsa ya kumbura. Kowa ya san abin da ya biyo baya: ya buɗe ta ya ga cikinta, ba ta sake tashi ba. Malama ta sayo sabuwa, aka sauke manhajar, ita kuma ta ce kafin ta buɗe asusun a sabuwar waya sai ta ga fuskar mai shi ta gwada da hoton farko. Nan muka maƙale. Mutane suna ta biya ta sitika, kuɗi suna shiga inda ba ya gani kuma ba ya iya taɓawa. Wayar jan ƙarfen da yake naɗa kwayil ɗin cikin fanka da ita ta ƙare, fankoki sun jeru a bango ba fuka-fuki, ana cikin zafi, masu su suna ta zarya.

Baba ya ce abu uku ne a lamarin, kyamara da haske da fuska, a bi su ɗaya-ɗaya. Ya sa na ɗauki hoton bango da na mai facin taya da ke tsallaken titi, hoto ya fito tas. Ya ce kyamara lafiyarta ƙalau. Muka fito bakin ƙofa cikin rana, muka koma inuwar rumfa, muka kunna ƙwan lantarki a kansa. Ja dai take nunawa.

"Saura fuska ke nan," ya ce. "Wannan kuma aikinka ne."

Ya tuna cewa ranar da aka ɗauki hoton farko daga kujerata ya tashi, gemu a daidaice, da farar hularsa. Saboda haka ya zauna, na yafa masa tawul, na fara. Na fi shekara goma hannuna yana bin fuskar nan duk mako. Da can reza tafiya take a kan kumatunsa ba gargada. Yanzu sai na ja fatar da yatsa biyu kafin in samu wurin bi, ƙashin muƙamuƙi yana tokarin hannuna, gefen goshinsa ya lotsa. Farin idonsa ya koma kalar tsohuwar takarda. Duk na san wannan tun kafin wayar ta faɗa. Na kuma san abin da ya fi haka, don Malama ta taɓa tsayawa a ƙofar shagona da jakar makaranta a kafaɗa, ta ce mini likita ya ce ciwon hanta ne kuma ya yi nisa. Ta ce ta gaya wa Baba gyambon ciki ne. Ta roƙe ni, Yaya don Allah ko ka ga canji kada ka nuna masa.

Na gama, ya sa hula, muka gwada. Ja.

Mai faci, wanda ya baro aikinsa ya zo kallo, ya ce ai kumatu ne matsalar, a cusa auduga. Wasa yake yi, amma Baba ya ce magana ce mai ma'ana. Na ba shi audugar shagona, ya dunƙula ya tura hagu da dama, ya fito kamar yaron da ya ɓoye alawa a baki. Da'ira ta fara cika, muka riƙe numfashi, sai muryar ta ce ya buɗe baki. Mai faci ya zauna a ƙasa don dariya. Baba ma dariyar yake yi, audugar tana fitowa, har tari ya sarƙe shi na ba shi ruwa. Daga nan manhajar ta rufe gaba ɗaya, ta ce an gwada da yawa, mai asusu ya je ofishinsu da katin shaidarsa.

Da mai faci ya tafi, Baba bai tashi daga kujerar ba. Gidansa ba babban madubi, nawa kuwa ya cinye rabin bango. Kullum idan ina masa aski idonsa a rufe yake ko yana kan injina. Ranar nan ya daɗe yana kallon kansa. Ya taɓa kumatu, ya ja fatar ƙasan ido, ya juya gefe.

"Ɗana, hannunka ya fi wayar nan sanin fuskata. Gaya mini abin da ta gani."

Na shiga karkaɗe tawul ɗin da ba komai a jikinsa. Ya jira ni.

"Ka rame, Baba."

"Kaɗan ko sosai?"

"Sosai."

Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun kafin ruwa ya ɗauke. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka nuna masa inda waya ta tsinke. Ya ce abin mamaki, duk wanda ya gaishe shi cewa yake jiki ya yi kyau, ashe a layin nan kaf abin da ba shi da kunya ne kaɗai ya gaya masa gaskiya. Sai ya dube ni ta cikin madubin, ya ce ko akwai abin da na sani bayan wannan. Na ce wannan tambaya Malama ya kamata ya yi wa. Bai matsa mini ba. Ya ce in zo gobe in raka su ofishin, shi da Malama.

Ofishin ɗan ƙarami ne, kujerun roba a jere, da wata ma'aikaciya a bayan tebur. Ta karɓi katinsa, ta dube shi, ta dubi katin, ta sake dubansa fiye da yadda ya kamata, sannan ta yi saurin mayar da ido kan kwamfuta. Ta yi masa tambayoyi, ya amsa, ta ɗauki sabon hoto. Da ta ce an gama, sai Baba ya ce yana da roƙo, a nuna masa tsohon hoton da sabon a haɗe. Yarinyar ta dubi Malama. Malama ta dubi ƙasa. Ma'aikaciyar ta juyo masa da gilashin kwamfutar.

Ya sa tabarau, ya matso da kujera. Ya tambaye ta me na'urar take aunawa a fuskar mutum. Ta ce ita ma ba ta san duka ba, amma an ce musu tana duba tazarar da ke tsakanin idanu, da hanci, da tsarin haɓa. Ya ɗora yatsa a wannan hoto, ya ɗora a wancan.

"Ido bai matsa ba. Hanci yana nan inda yake. Naman ne ya tafi." Ya cire tabarau. "Wayar ba ta yi laifi ba. Ni ma da wannan ya zo karɓar kayan wancan, ba zan ba shi ba."

Ba wanda ya yi dariya. Sai ya tambayi ma'aikaciyar ko ana iya ƙara mutum na biyu a asusun shago, wanda shi ma zai iya buɗewa. Ta ce ana iyawa. Ya nuna 'yarsa da haɓa.

"To a sa tata. Ita fuskarta za ta daɗe."

Malama ta zauna gaban kyamara. An sha wahala kafin da'irar ta cika, don idonta ya ƙi tsayawa, sai da ma'aikaciyar ta miƙo mata abin share fuska.

A waje akwai benci ƙarƙashin wata bishiya. Na ce zan je in nemo abin hawa, Baba ya ce in zauna. Ya kama hannun 'yarsa.

"Uwata, me likita ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa, kada ki rage."

Ta faɗa masa. Ta yi ta neman gafara a tsakanin maganar, yana cewa ta bar wannan, ta ci gaba. Ni ina jiran ya yi shiru irin na wanda aka kawo wa mummunan labari. Ya yi salati, ya ɗan jima kansa a sunkuye. Da ya ɗago, tambayar farko da ya yi ita ce a wane gefe hantar take. Malama ta nuna masa. Ya danna wurin, ya ce to me ya sa kafaɗa ce ke masa ciwo ba nan ba. Ba wanda ya sani a cikinmu. Ya ce sai an koma wurin likitan. Sun koma kuwa, kuma Malama ta ce mini mutumin ya ƙare da zana masa hanta a bayan takardar magani, marasa lafiya suna jira a waje.

Asusun ya buɗe a ranar. Abin da ya fara yi shi ne tura wa mai sayar da kayan gyara kuɗi, aka kawo masa wayar jan ƙarfe da kafasita. Ya daina karɓar sabon aiki. Ya ce wanda ke gabansa zai ƙarasa, kada a bar kayan mutane a buɗe. A da yakan naɗa kwayil kafin in gama aski biyu, yanzu yakan wuni a kan ɗaya. Ina jinsa ta bango, ya yi aiki kaɗan, shiru, sai kuma motsi. Idan shirun ya yi tsawo in leƙa. Wata rana na same shi ya ɗora ƙafa a kan akwatin kayan aiki, ya danna idon sawunsa da yatsa, yana kallon ramin yana cikowa a hankali. Ya ce in zo in gani, fuska tana raguwa ƙafa tana ƙaruwa, kamar mutum yana gangarowa ƙasa ne daga sama.

Na ce, Baba ba ka jin tsoro? Ban san yadda aka yi maganar ta fito ba. Ya ce yana ji mana, musamman da asuba. Ya ce amma da ana ɓoye masa ya fi jin tsoron, don yana jin abu yana lalacewa a ciki an hana shi buɗe murfi.

Da jiki ya ƙi zama, ya koma ɗakinsa. Malama takan dawo daga makaranta ta zauna a shagon tana miƙa wa mutane kayansu, ƙofar tsakani a buɗe. Wayar kuwa tana gefen matashinsa. Duk wanda ya biya, sunansa yakan fito, Baba ya karanta da ƙarfi daga ciki. A nan ya gano sabon abin mamaki. Mutanen da ya sani shekara da shekaru da sunan mai ɗinki, da direba, da matar mai kanti, ashe kowa yana da suna har uku. A da kuɗin kawai yake dubawa da yadda suke shigowa. Ya aika aka kira mai faci takanas, ya ce masa, kai da suna mai daɗi haka ka bari muna kiranka da taya? Mai faci ya ce ko matarsa ta manta da shi.

Ranar ƙarshe, da hantsi, Malama ta leƙo ta ce yana son aski. Na ɗauki kayana na shiga. Ɗakin yana warin man shafawa da dalma, don har nan ya sa an kawo masa wani ƙaramin rediyo da bai gama ba. Na jingina shi da matashi, na jiƙa gemun da ruwan ɗumi. Wata babbar mota ta wuce a titi, ruwan kwanon da ke kan kujera ya yi ta rawa, ya bi shi da ido har ya tsaya. Ya ce motar tana can, ruwan yana nan, ta ina ta taɓa shi? Na ce ta ƙasa mana. Ya ce shi ma haka yake zato. Na goge masa fuska, na ce ko in kawo madubi. Ya ce a'a, ya yarda da hannuna.

Bayan la'asar ina yi wa wani direba aski, sai na ga Malama ta cikin madubi, tana tsaye a ƙofa, ba takalmi a ƙafarta. Na kashe injin.

Allah ya jiƙan Baba. Mutane sun zo fiye da yadda gidan zai ɗauka, har aka shimfiɗa tabarmi a cikin shagon da ƙarƙashin rumfata. Zafi ake yi mai tsanani, iska ba ta motsi. Mai faci ne ya dubi fankokin da ke jere a bango, waɗanda Baba ya gama amma masu su ba su zo ɗauka ba, ya ce me ake jira. Muka jawo wayar wuta daga shagona muka jona su, wasu a tsakar gida wurin mata, wasu a waje. Duk suka tashi, babu wadda ta yi ƙara.

Cikin masu gaisuwa akwai mai ɗinkin nan. Ta zauna, ta yi addu'a, sai ta ƙura wa wata shuɗiyar fanka ido ta ce wannan ai tata ce. Malama ta yunƙura za ta cire mata, matar ta riƙe hannunta ta ce a bar ta sai mutane sun watse. Da za ta tafi na ga ta tsaya a ƙofar shagon, ta fito da waya ta haska sitikar. Ta daɗe tana kallon sunan Baba na gaskiya da ya fito mata kafin ta danna.

Da yamma ta yi mutane suka ragu, na shiga in tattara tabarmi. Malama tana bin fankokin tana kashewa ɗaya bayan ɗaya, tana naɗe igiyar kowace a wuyanta. Ta zo kan ta ƙarshe, wadda ke bakin ƙofar ɗakinsa, ta kai hannu, sai ta fasa. Ta zauna a kan dakali ta ɗora haɓa a gwiwa. Labulen ɗakin yana ɗagawa, a hango gefen katifar da aka naɗe, ya sake sauka.